Kyanwar Aro Da Lallen Gemu

Shafi na 11

Masu cika mini waya da "Baba ci gaba, Baba ina saura," na ji ku. Gwiwa ce ta tasa ni gaba, ba rowar labari ba. Ku zauna ku nutsu.

Laifin da za mu shimfiɗe mu zane yau shi ne wayo. Ba wayon neman abinci ba. Wayon mutumin da ba ya iya biyan abu a kan farashinsa, ko da wani ne ya damƙa masa kuɗin.

Wanda ya shigo yau, ga inda muka tsaya. Ghouse Pasha ya tsufa yana sayar da awarwaro a Laad Bazaar ta Hyderabad, kuma tunda yake bai taɓa sayen ko allura ba sai ya yi ciniki har mai kaya ya gaji. 'Yarsa Nikhat ta bi mijinta Sharjah, ta bar masa kyanwarta Malai, fara sol mai jan tabo a kunne. Ta turo kuɗi ta ce, "Abba, a yi mata inshora mai kyau. Ta tsufa, haƙori ya fara zubewa, ƙodar ma ana kallonta."

Kuɗin sun isa. Amma da Pasha ya ji cewa tsohuwar kyanwa ninki uku ake biya mata, kuma kamfani ba ya ragi, sai abinci ya daina yi masa daɗi.

Da safen nan ya hau saman soro da hantar kaza a leda. Ya kulle Malai a ɗakin tanki, ɗakin da ragar tagarsa ta yage tun bara, kafinta ya ƙi ragi shi kuma ya ƙi gyara. Sannan ya yaudaro Venna, farar kyanwar maƙwabciyarsu Kamalamma, matashiya mai jini a jika. Ya matse ta tsakanin gwiwoyinsa tana ba shi baya, ya jingina hoton Malai a gabansa, ya lakato ragowar lallen gemunsa ya yi mata tabo a kunne.

A lissafinsa, hoto kawai kamfani zai ɗauka. Ranar ciwo sai a kai Malai da hoton. Fara ce, ga tabo. Wa zai gane?

To ga su a falo.

Mallesh, wakilin kamfanin, ya ajiye jakarsa. Likita Padmaja ta ɗora kyanwar kan tebur tana shafa ta. Zubeda Begum, matar gidan, ba ta fitowa gaban baƙi maza. Daga bayan labule ta miƙo tiren shayi da biskit.

"Kawu, tsari uku gare mu," in ji Mallesh. "Na Tagulla, idan mota ta buge ta ko ta faɗo daga bene."

"Kyanwa ce. Ka taɓa ganin kyanwa ta faɗo ta ji ciwo?"

"Na Azurfa, ciwo da magani."

"Na ukun fa?"

"Zinariya. Haƙori, ƙoda, aikin tiyata, har kwanan asibiti a ɗaki mai sanyi."

Haƙori da ƙoda. Kunnen Pasha ya miƙe, amma ya ɓata fuska kamar an miƙo masa ruɓaɓɓen tumatir. Haka ake yi a kasuwa.

"Zinariyar nawa?"

Mallesh ya nuna masa a waya.

"Ɗana, wannan na baƙi ne. Faɗi na gaskiya."

"Shi ne na gaskiyar, Kawu."

"Rabi."

"Ba ni nake yankewa ba, na'ura ce."

"To ka ce wa na'urar ni ne Ghouse Pasha. Ta tambayi duk Laad Bazaar."

"Ba ta jin magana, Kawu."

Pasha ya miƙe, ya karkaɗe rigarsa, ya nufi ƙofa. Wannan ita ce dabarar da ta fi kowace ci: ka juya baya, mai kaya ya kira ka. Ya kai har bakin ƙofa. Shiru. Ya waiwayo.

"Ba za ka kira ni ba?"

"Kawu, ai gidanka ne. Ina za ka?"

Likita ta toshe baki da hannu. Pasha ya dawo ya zauna kamar dama takalmi ya je dubawa.

Daga bayan labule murya ta fito.

"Baban Nikhat."

"Na'am, Begum."

"Yau ban ji tarin Malai ba."

"Ta samu sauƙi."

"Kuma ɗazu na ji kamar abu ya yi tsalle ya hau kabad. Malai da ko kujera sai an ɗora ta?"

"Murnar baƙi ce. Begum, naman nan fa da kika ɗora, kada ya kama."

Takunta ya yi kicin. Likita ta buɗe bakin kyanwar tana duba haƙora.

"Shekarunta nawa, Baba?"

Pasha ya waiga wajen kicin. Ya ɗauki biskit, ya tsoma a shayi, ya kasa kunne. Yana jiran tukunyar matsi ta dafa nama ta yi fito, don kada Begum ta ji amsarsa. Can sai ga ta, ta saki fito mai huda kunne, shi kuwa ya sunkuyo cikin ƙarar.

"Biyu!"

"Haka haƙoran suka nuna," in ji likita. "Kun iya kiwo. Ko ɗigon datti babu."

"Mu ai ba ma wasa da amana."

Kun ji fa. Amana. Da bakinsa.

Likita ta latsa cikin kyanwar, ta sake latsawa a hankali, sai ta yi murmushi.

"Akwai albishir. Amma kun ce mai ita za ta kira, ko? Na fi so in faɗa mata da kaina."

Pasha ya gyara zama. A ransa ya ce, ragi ne. Lallai akwai ragin da suke ɓoyewa sai an matsa.

"Ɗana, ka dube ni da furfurata. Babu wata ƙofa ko ƙarama?"

Mallesh ya sosa kai. "Guda ɗaya ce. Wanda ya biya shekara uku a dunƙule, ana sauke masa kashi ɗaya cikin goma."

"Ka gani! Ka gani! Da ka ce na'ura ba ta jin magana!"

"Amma Kawu, idan an biya ba a mayarwa."

"Wa ya ce a mayar? Rubuta. Zinariya. Shekara uku."

Kuɗin Nikhat ba su kai ba, ya cika da nasa. Bai ji zafi ba, tunda an yi masa ragi. Ya danna waya, ta yi ƙara, kuɗi suka tafi. Mallesh ya ɗauki kyanwar hoto ta gaba da ta gefe. Pasha ya shafa jan gemunsa yana jin kansa kamar wanda ya sayi hasumiyar Charminar a kuɗin kwandon albasa.

Sai likita ta buɗe jaka ta fito da allura. Ba ƙaramar allura ba.

"Wannan kuma fa? Ai lafiyarta ƙalau, ke kika faɗa."

"Ba magani ba ne. Ƙwayar lamba ce, kamar ƙwayar shinkafa. A ƙarƙashin fatar wuya ake sa ta."

"Ta me?"

"Ta shaida. Ranar da kuka kawo ta asibiti, na'ura za a ɗora mata a wuya, lambar ta fito."

"Hoton fa?"

Mallesh ya yi dariya. "Hoto ado ne kawai, Kawu. Fararen kyanwoyi nawa ne a garin nan? Da hoto ake bi, ai da wasu marasa tsoron Allah sun aro ta maƙwabta."

Biskit ya karye ya nutse a shayin Pasha.

"Wato... idan babu ƙwayar a wuya..."

"Ko rupi ɗaya ba a biya."

"Likita, tsaya. Ba ta son allura. Suma take yi. A bari sai wani makon."

"An gama," in ji likita tana goge wurin da auduga. "Ko motsi ba ta yi ba."

 Gumi ya tsattsafo wa Pasha daga ƙarƙashin hula ya gangaro cikin gemu. Me zai ce? A ciro? Don me?

Daidai nan waya ta ɗauki ruri. Kiran bidiyo. Nikhat.

"Assalamu alaikum, Abba! An gama? Wanne ka zaɓa?"

"Zinariya, 'yar Abba."

"Zinariya? Kai Abba! Wallahi na zaci za ka tsaya ciniki har su gudu. Allah ya bar mini kai. Juya wayar in ga tsohuwata."

Pasha ya juya wayar da sauri, ya nuna mata ƙarshen wutsiya da ƙafar tebur, ya dawo da ita fuskarsa.

"Kin gan ta."

"Wutsiya na gani."

"Layin ne ba kyau."

"Baba, kawo in yi mata albishir ɗin," in ji likita, ta zare wayar daga hannunsa kafin ya ƙifta ido. "Ke ce uwar Malai? Ina taya ki murna. Kin kusa zama kaka."

"Ban gane ba."

"Ciki gare ta. Na ji huɗu, wataƙila ma biyar."

Falo ya yi tsit. Har tukunyar matsi ta yi shiru, la'ananniya, lokacin da ake buƙatarta.

"Likita," in ji Nikhat a hankali, "Malai shekararta goma sha uku. Ni na kai ta aka cire mata mahaifa tun ina sakandare."

Duk suka juyo suka kalli Pasha.

Ya ɗaga hannu sama. "Ikon Allah ya wuce tunanin bawa."

"Abba!"

Aka yaye labule. Zubeda Begum, wadda ko mai gyaran wuta bai taɓa ganin fuskarta a falon nan ba, ta fito da ludayi a hannu, mayafi a karkace. Mallesh ya miƙe tsaye bai san ya miƙe ba. Ba ta ko kalle shi ba. Ta sunkuya kan kyanwar, ta kama kunnen.

"Baban Nikhat."

"Begum, bari in yi miki bayani..."

"Tabon Malai a kunnen hagu yake."

"To ai ga shi."

"Wannan dama ne."

Pasha ya dubi hannunsa na hagu, ya dubi na dama. Sai a lokacin ya tuna: hoton yana fuskantarsa, kyanwar tana ba shi baya.

Begum ta kai hanci ta shinshina kunnen. Ta ɗago ta shinshina iskar da ke gefen mijinta.

"Shi ya sa na ga kwanon lallen a wanke. Na ce yau wane mala'ika ne ya sauka a gidan nan, mutumin da ko cokali bai taɓa ɗaurayewa ba."

"Lalle?" Likita ta ɗaga murya. "Lalle kuka shafa wa kyanwa mai ciki? Da ta lashe fa? Baba, da girmanka!" Ta jawo auduga da ruwan wanki ta hau goge kunnen. Jan bai ko motsa ba. Lallen Pasha mai kyau ne, nan kaɗai ne ba ya tsumulmula.

Sai ga bugun ƙofa, da murya mai tsaga unguwa.

"Zubeda! Ƙawata, kin ga Venna? Tun safe nake zagaye. Na dafa mata kifi har ya huce. Venna! Venna!"

Kyanwar ta fizge daga hannun likita, ta dira, ta bi ta tsakanin ƙafafun Mallesh. Ƙofa na buɗewa ta ɗare kafaɗar Kamalamma tana goga mata kai a kumatu.

Kamalamma bazawara ce, gajeruwa, mai dukan ƙirji idan ta yi magana. Ta rungume kyanwarta, sai idonta ya sauka kan kunnen. Ta ɗago kunnen da yatsa biyu. Ta taka har gaban Pasha, ta kara kunnen kusa da gemunsa, ta ja baya tana auna su da ido kamar mai zaɓen zare.

"Launi ɗaya."

"Kamalamma, maƙwabtaka..."

"Maƙwabtaka? Ka sace mini 'ya, ka yi mata ƙunshi kamar amarya! Me ya rage, ka kira masu kiɗa? Wallahi yau sai ofishin 'yan sanda. Wannan jinin na wuyanta fa? Me kuka yi mata?"

Likita ta yi mata bayani. Mallesh ya ƙara. Kamalamma tana saurare, hannun da take dukan ƙirji da shi ya fara sauka a hankali.

"Tsaya, yaro. Maimaita. Idan ta yi ciwo fa?"

"Kamfani ke biya, Inna."

"Ko haƙori?"

"Ko haƙori."

"Har yaushe?"

"Shekara uku. Zinariya ce. Har da ɗaki mai sanyi."

"Ɗaki mai sanyi," in ji Kamalamma. "Ni da na haifi 'ya'ya huɗu ban taɓa kwana a ɗaki mai sanyi ba." Ta dubi Venna da sabon girmamawa.

Pasha ya kamo hannun Mallesh. "Ɗana, kuskure aka yi. A soke. A maido mini kuɗina."

"Na faɗa maka, Kawu, ba a mayarwa. Kai ka ce wa ya ce a mayar."

"To a ciro ƙwayar a sa wa tawa."

"Ba ɗan kunne ba ne, Baba," in ji likita.

"Hanya biyu ce," in ji Mallesh, yanzu babu dariya a fuskarsa. "Ko in rubuta cewa an yi wa kamfani ƙarya, kuɗi su tafi, sunanka ya shiga ofis. Ko a sauya sunan mai kyanwa zuwa na Inna, tunda shekarun da lafiyar duk na wannan ne. Inshora lamba take bi."

"A sauya," in ji Kamalamma da sauri. "Ni ba na son fitina da maƙwabci. Ka-ma-lam-ma. Rubuta da kyau."

"Malai fa?" Muryar Pasha ta dawo ƙarama.

"Tsarin tsofaffi yana nan. Ninki uku."

"Babu ra..."

"Baban Nikhat," in ji Begum, ta ɗaga ludayi, "idan ka ƙarasa kalmar nan, wallahi a kanka zan ƙarasa wannan."

Kamalamma ta haɗa tafukan hannu ta sunkuya masa. "Pasha, na gode. Allah ya ƙara maka irin wannan wayon. Na yafe satar. Amma 'ya'yan ba sa cikin inshorar, ko, yaro? To idan ta haihu, gidanka zan kawo su. Kai ka yi mata ƙunshi, kai ne uban amarya."

Ta fita tana yi wa Venna waƙa.

Kowa ya manta da wayar. Tana kan tebur, jingine da butar shayi, kuma ba a kashe ta ba. Nikhat ta ji komai. Idanunta sun yi ja.

"Abba."

Pasha ya ɗauki wayar kamar mai ɗaukar garwashi.

"'Yar Abba, dubara ce na so in yi. Don a samu sauƙi. Da ragowar sai in..."

"Na ce maka ina neman sauƙi? Kuɗin nan ƙarin aiki na yi na tara su. Ban ce ka yi ciniki ba, Abba. Cewa na yi ka kula mini da ita. Da mijina ya ce mu bar ta a gidan yayarsa, ni na ce a'a, babu wanda na yarda da shi kamar Abbana."

Wannan ta fi ludayi zafi. Pasha ya sunkuyar da kai. Tun da aka fara, yanzu ne bai sami abin tayawa ba.

"Ina take?"

"Tana sama. Ɗakin tanki. Na sa mata ruwa, na sa mata tabarma..."

"Ɗakin tanki?" in ji Begum. "A wannan zafin?"

"Nuna mini ita," in ji Nikhat. "Yanzu. Fuskarta, ba wutsiya ba."

Suka kama matakala. Pasha a gaba da waya a hannu ɗaya, makulli a ɗaya, gwiwoyi na ƙara. Begum a baya, kuma ba ta bari ya hau a banza ba. Tana hawa tana lanƙwasa yatsu.

"Kuɗin yarinya, sun tafi wuyan kyanwar Kamalamma. Ɗaya."

"Begum..."

"Naka da ka cika, sun bi su. Biyu."

Ya ƙara taka matakala ɗaya.

"'Ya'yan kyanwa huɗu ko biyar, cinsu da kashinsu a kanka. Uku. Gobe warhaka duk Laad Bazaar ta ji cewa Ghouse Pasha ya yi wa kyanwa lalle, domin Kamalamma ba ta iya riƙe ko tari. Huɗu."

Suka iso. Makulli ya ƙi shiga sai a karo na biyu. Ya tura ƙofa, ya ɗaga wayar gaba don Nikhat ta gani.

"Malai. Malai, fito ga uwarki."

Ga tabarma. Ga kwanon ruwa, ko taɓa shi ba a yi ba.

Ga taga. Ragar da kafinta ya ƙi yi wa ragi ta wangame, 'yan fararen gashi maƙale a bakin wayar suna kaɗawa. Bayan tagar babu komai sai rufin gidaje, ɗaya bayan ɗaya, har inda ido ya tsaya.

"Abba? Me ya sa kuka yi shiru? Abba, ban gan ta ba."

Begum ta lanƙwasa babban yatsa.

"Biyar."